'Yar Lambar Gwangwani da Muryar Abban Safiyya

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina, Dakta Nasiru, malamin kimiyyar kwamfuta, wanda ban taɓa kama sunansa a gabansa ba, sai dai in ce Abban Safiyya. Zazzaɓin dengu ne ya kwantar da shi kwana shida, a na bakwai Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa. A nan Kuala Lumpur aka binne shi. Ni ma a nan nake wannan rubutu, a Cheras, unguwar da muka yi shekara takwas a cikinta kafin in tattara 'ya'yana mata biyu mu koma Kano. Babbar, Safiyya, na rako. Ta samu gurbin karatu, ta kuma kafe ita sai garin da ubanta yake kwance.

Shekaranjiya muna zaune a shagon mamak, irin gidajen shayin Indiyawa Musulmi da ke kowane lungu a garin nan, tana cike takardun makaranta a waya, sai wani ɗan allo ya tare mata shafin yana tambaya ko ta yarda a ajiye mata kuki. Ta ja tsaki ta danna. Na ce, "Ke, ubanki kike wa tsaki." Ta ɗago ta dube ni, muka kwashe da dariya, dariyar da ta ƙare da goge ido da gefen mayafi. Abin da ya sa wannan 'yar kalma take sa mu dariya da kuka a lokaci guda shi nake so in ba masu karatu labari, don a cikinta na fi ganin mutumin da na aura.

Abban Safiyya mutum ne mai tambayar tsiya. Ba ya iya wuce suna bai nemi wanda ya raɗa shi ba. Me ya sa Bature ya kira abin da ake turawa a kan tebur wajen sarrafa kwamfuta ɓera? Me ya sa in manhaja ta ƙi aiki ake cewa ƙwaro ya shige ta? Ki aike shi kedai, ɗan kantin da ke ƙasan beninmu, ya sayo albasa, sai ya yi rabin awa yana tsare mai kanti da tambayar inda sunan titin ya samo asali, ni kuwa miya tana ƙonewa a sama. Na sha yi masa masifa a kan haka, wallahi na sha. Sai ya shigo da albasar yana murmushi ya ce, "Maman Safiyya, kin san abin da na gano?" Kafin in ce ban son sani ya riga ya fara.

Ya gaji wannan bin diddigi ne daga mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, wanda gadin kekuna yake yi a bakin wata kasuwa a Kano. Bai taɓa ɓoye haka ba, ko a gaban manyan furofesoshi. Baba yana yanka gwangwanin madara ƙanana ƙanana, ya sa ƙusa ya huda lamba iri ɗaya a jikin guda biyu. In ka kawo kekenka, ya ɗaura ɗaya a kan keken da waya, ya miƙa maka ɗayar. Ba ruwansa da fuskarka, ba ruwansa da sunanka. Ka dawo da lamba, ka ɗauki keke. Kuma duk ƙarshen wata sai ya sauya wa lambobin fenti, yau ja, wata mai zuwa shuɗi, don kada wanda ya tsinci tsohuwar lamba a ƙasa ya zo ya tafi da keken wani. Ɗaya daga cikin lambobin nan, mai sha bakwai, tana cikin walat ɗin mijina tun ranar da na san shi.

Sai kuma Inna, mahaifiyarsa. Inna ba ta yi boko ba, kuma abu ɗaya ne yake damunta game da ɗanta. Mata a unguwa sun ji ana ce masa dakta, sai su zo mata da ciwon ƙafa da hawan jini, a tambayar musu shi magani. In ta ce ba irin wannan daktan ba ne, sai su ce to wane iri ne, ita kuma ta yi shiru. Duk waya sai ta tambaye shi, "Wai kai Nasiru, takamaimai me kake yi a can?" Ya yi ta kame-kame, ta ce, "To, Allah ya taimaka," a ajiye waya. Abin yana cin sa ƙwarai. Ya taɓa ce min kunya yake ji a ce yana iya tsayawa gaban ɗalibai daga ƙasashe goma ya fahimtar da su, amma ya kasa fahimtar da matar da ta haife shi.

Daga nan ya tsiri wani aiki. Duk Asabar da hantsi zai fita baranda, hawa na goma sha huɗu, da kofin shayinsa, ya ɗauki kalma guda daga kalmomin sana'arsa ya yi bayaninta da Hausa, Hausar cikin gari wadda Inna za ta ji. Yana rubutawa da tsawo don yana fatan wata rana ya zama littafi, sannan ya naɗi gajeren bayani da muryarsa saboda ita. Kusan shekara huɗu yana wannan abu, wata kalmar ta ci masa mako guda, wata wata biyu. Na ce masa ya riƙa tura mata ɗaya bayan ɗaya mana. Ina! Ya ce sai ya gama zai kai mata da kansa, ya zauna a gabanta ya kunna yana kallon fuskarta. A nan kam ya yi kuskure, kuma ko yau ya dawo zan faɗa masa. Taurin kai ne irin na masu son abu ya fita tsaf.

Kalmar ƙarshe da ya yi ita ce kuki. A kicin ya tsare ni da ita ina tsince shinkafa. Ya ce shafin intanet mantau ne na ƙarshe: ki buɗe shi yanzu, ki danna wani wuri, ya manta ya taɓa ganinki. To da aka fara ciniki a intanet, wajen tsakiyar shekarun casa'in, sai abin ya zama matsala, don ka zuba kaya a kwando, ka matsa gaba, kanti ya manta kwandon waye. Sai wani matashin injiniya a Amurka ya kawo dabara: shafi ya ba kwamfutarka wani ɗan guntun rubutu ta ajiye, duk sanda ka dawo ta miƙa masa abinsa yadda ya ba ta, ba ragi ba ƙari, shi kuma ya gane ka. Sunan ma ba shi ya ƙirƙira ba, aro ya yi. Tsofaffin masu rubuta manhaja sun daɗe suna kiran irin wannan ɗan abu da ake miƙawa a dawo da shi majik kuki, wato biskit ɗin siddabaru, sai ya yanke siddabarun ya bar biskit.

Na ce to su tsofaffin me ya haɗa su da biskit? Allah Sarki, da na sani ban tambaya ba, don mako uku muka yi ba zaman lafiya. Ya karanta cewa wasu na ganin daga wani biskit ne da ake bayarwa a gidajen abincin 'yan Sin, mai 'yar takarda a ciki. Ranar Lahadi ya kwashe mu kaf zuwa Sri Petaling, unguwa mai yawan 'yan Sin, muka yi ta bin shagunan burodi ɗaya bayan ɗaya cikin rana, wai sai ya ga biskit ɗin da idonsa. Wata tsohuwa 'yar Sin ta saurare shi har ya gama kwatance da hannu, ta girgiza kai ta ce, "Takde lah," wato babu, ba ta ma taɓa ganinsa ba. Daga baya ya gano al'adar ta gidajen abincin 'yan Sin da ke Amurka ce. Muka dawo gida da ƙafafu a kumbure da ledar soyayyar taliya da muka yi tapau, wato aka ƙunshe mana mu ci a gida.

Bayan duk wannan wahala, abin da ya rubuta shi ne bai sani ba. Ya ce akwai zance biyu ko uku, kowanne da daɗin ji, amma bai samu hujjar da za ta sa ya rantse a kan ko ɗaya ba. Na ce, "Haba Abban Safiyya, ka zaɓi mai daɗin ka faɗa mata, wa zai bincika?" Ya ce, "Inna ce fa. In na yi mata ƙarya a kan biskit, me zai sa ta yarda da ni a kan sauran?" Na yi tsaki a lokacin. Yanzu kuwa, a zamanin da kowa ya riƙe waya ya zama masani, nakan tuna na zauna da mutumin da zai yi mako uku yana bincike don kawai ya samu ikon cewa bai sani ba. Ina alfahari da shi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

A ranar da muka yi wannan musun ce, ina kan tsince shinkafa kuma, ya ɗauko laftof ya ajiye kusa da farantin shinkafata, ya buɗe wani dogon jeri, kowane layi da kwanan wata a gefensa. Ya ce kin ga, kowace lamba da ranar da za a sauya mata fenti, irin na Baba. Wata wata guda take yi, wata wata uku. In ka dawo kafin ranar, a ba ka sabuwa. In ka makara, mai gadi bai san ka ba, sai ka kawo kalmar sirri. Na ce, "Uhm, to, matsar min da abin nan kada ruwa ya zuba." Da kunne ɗaya na saurare shi. Bayan mako biyu ya kwanta.

Ba zan tsaya a kan kwanakin asibiti ba. 'Yan uwanmu Hausawa na Cheras da Sentul da Sri Petaling sun yi mana abin da dangi suke yi, makarantar da yake koyarwa ta taimaka aka tsawaita mana takardun zama har in gama takaba. Washegarin sadakar uku na samo kwali, na zuba laftof ɗinsa da waya da agogo da walat, na liƙe da salatif ta ko'ina, na rubuta a jiki: kayan magada. Haka aka tarbiyyantar da ni. Daga lokacin da mutum ya cika, ko allurarsa ta tashi daga tasa, ta zama ta Inna da 'ya'yansa da ni da wansa, Yaya Auwalu, kuma ba a taɓawa sai an raba. Yaya Auwalu ya bugo daga Kano ya ce na kyauta, a bar komai yadda yake sai ya samu biza ya zo bayan Sallah. Na ɗora kwalin a saman kabad ina jin na sauke nauyi. A tunanina abin da ke cikin kwamfuta kamar zani ne a akwati, in ka rufe ka bar shi, haka za ka dawo ka tarar.

Kwana sittin da biyu da rasuwar, Inna ta kira ni. Bayan gaisuwa ta ce, "Binta, ya taɓa ce min yana haɗa min bayani da bakinsa. Ko ya gama?" Na ce suna nan, Inna, suna cikin kwamfuta, in na dawo zan kawo miki. Ta ce alhamdulillahi, da ma abin da take so ta ji ke nan. Ina ajiye wayar sai na tuna gaskiyar lamarin. Ba sa cikin kwamfuta. Tun da shayi ya taɓa kashe masa wata laftof ya daina ajiye komai a ciki. Rubutun yana wani shafi a intanet, muryoyin suna wani shafin daban, kuma ban san kalmar sirrin ko ɗaya ba. Layin wayarsa da za a iya turo sabuwa ya mutu tunda ba a sa masa kati, wayar ma a kulle take. Adireshin saƙonsa na makaranta an rufe shi bisa ƙa'idarsu. Abu guda ya rage a duniya da zai sa shafukan nan su buɗe: 'yan lambobin da ke cikin laftof ɗin da na liƙe da hannuna, in har ba a sauya fenti ba.

A nan ne na yi nawa kuskuren, wanda ya fi nasa. Kwana tara na yi ina kallon kwalin nan ban iya ɗaga waya ba. Tsoro nake kada a ce ko takaba ba ta gama ba ta fara leƙa dukiya. Mu mata mun san yadda irin wannan magana take bin mutum har tsufansa. In tashi in ɗauko kujera zan taka, sai in mayar. Maƙwabciyata Maman Ikram, 'yar Zariya ce mai baki kamar reza, ita ta gaji da ni ta ce, "Ke Binta, tsoron bakin mutane zai sa ki bar muryar bawan Allah ta ɓace? Kira wansa yanzu ina tsaye."

Na kira. Na yi ta zuba bayani ina haɗa Hausa da Turanci, Yaya Auwalu yana saurare. Da na gama ya ce, "Binta, dukiyar marayu ce. Kwamfuta ce za ta ruɓe a cikin kwali? Ki sa ta wuri mai sanyi, ina nan zuwa." Ba mugunta ba ce, tsoron Allah ne, kuma laifina ne da ban iya bayani ba. Har zan haƙura sai na tuna shi ma ya taya Baba gadi da ƙuruciya. Na ce, "Yaya, ka tuna lambobin Baba? Muryar ƙaninka ce a wurin mai gadi, lambar tana cikin kwalin nan, kuma ana sauya fenti." Can ya ce, "Yanzu wane fenti ake kai?" Na ce, "Ban sani ba, Yaya, shi ya sa nake kuka."

Duk da haka sai da ya je ya tambayi malaminsu, aka ƙara kwana biyu. Malamin ya ce buɗe kaya don a tsare su daga lalacewa ba cin dukiyar maraya ba ne, barin su su salwanta ne abin tsoro, sai dai a yi a gaban shaidu. Ranar Laraba da hantsi muka zauna a falo, ni da Maman Ikram, Yaya Auwalu kuma yana kallo ta bidiyo a wayata da muka jingina da flas ɗin shayi. Na yi bisimilla na yanke salatif. Laftof ɗin kanta na san yadda ake buɗe ta, don yara suna kallon katun a ciki. Na danna shafin rubutun. Ya buɗe fari fat, da 'yan akwatuna biyu, yana neman suna da kalmar sirri. An sauya fenti.

Aikin shekara huɗu ke nan. Daga baya na rubuta wa masu shafin, suka nemi takardun kotu na ƙasa biyu, na yi ta bi har na gaji na bari. Littafin Abban Safiyya yana can wani wuri a kulle har yau, ba a goge ba wataƙila, amma ba mai karanta shi. Ban sani ba ko da na buɗe tun ranar da Inna ta kira da na same shi, ko tun kafin arba'in ya riga ya rufe. Na daina yi wa kaina wannan tambayar don ba ta da amsa, amma kwana taran nan ban yafe wa kaina su ba.

Maman Ikram ta riƙe min kafaɗa ta ce in danna ɗayan. Na ce ba zan iya ba, ta ce ai kuwa sai kin iya. Na danna na rufe ido. Salatinta ne ya sa na buɗe. A saman shafin, da Turanci, an rubuta barka da dawowa, Nasiru. Mutumin da ya yi fiye da wata biyu a ƙasa ake wa barka da dawowa. Na san na'ura ce, na san lamba ta gani ba shi ba, shi da kansa ya koya min, amma wallahi sai da na juya na kalli ƙofa. Daga cikin waya Yaya Auwalu yana ta tambaya, "Ya karɓi lambar? Binta, ya karɓa?" Na ce ya karɓa. Sai na ji babban mutum ya fashe da kuka a Kano.

Muryoyi arba'in da ɗaya ne. Muka wuni muna sauke su, ruwan la'asar irin na garin nan ya sauko da tsawa, ni kuwa ina ta addu'a kada a ɗauke wuta, har Maman Ikram ta ce min, "Ke, nan ba gida ba ne." Muka kwafe su wuri uku. Ban san kwana nawa ya rage wa wannan lambar ba, kuma ba na son sani.

Yanzu da na dawo bayan shekara bakwai, ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Cheras ta ƙara tsawo, kedai ɗin da yake tsare mai shi da tambaya ya zama shagon gyaran waya. Kalmar da ya yi mako uku yana bin sawunta, wadda a lokacin sai masu sana'ar suka san ta, yau ba shafin da za ka buɗe bai tare ka da ita ba, har mai sayar da atamfa a Kano ta san a danna a wuce. Na san da farko zai ji daɗi, ya ce kin gani ko, Maman Safiyya. Amma na san ransa zai ɓaci da abin da aka mai da ita. Tun a wancan lokacin yana ƙorafin cewa masu talla sun fara amfani da lambar suna bin mutum daga shafi zuwa shafi. Ya ce Baba bai taɓa bin mai keke gida don ya ga abin da ya sayo ba, amanar keke aka ba shi, a nan ya tsaya. Yau kuwa ki duba takalmi sau ɗaya, takalmin nan ya bi ki mako guda duk inda kika shiga. Da yana nan da ya yi murya ta arba'in da biyu a kan haka, kuma da ba ta yi wa wasu daɗi ba.

Nakan kuma yi tunanin me zai ce da 'ya'yansa. Da muna nan, ka yi musu Hausa su amsa da Turanci, in sun ga dama su ƙara da boleh, wato "za a iya" da yaren mutanen garin. Yana dariya, amma abin yana damunsa. Muryoyin da ya naɗa don uwarsa su suka zama makarantar 'ya'yansa. Ƙaramar, Hauwa, shekararta huɗu da ya rasu, ba ta tuna fuskarsa sai a hoto, amma ta haddace yadda yake gyaran murya kafin ya ce, "To Inna, yau ga wata kuma." Safiyya kuwa kwamfutar ta zo karanta, ba wanda ya sa ta.

Da na gama takaba muka koma Kano, na yi abin da ya so ya yi da kansa. Na zauna a gaban Inna a kan tabarma, na kunna, ina kallon fuskarta. Kwana biyar muka yi, don ba ta yarda a wuce ɗaya sai an maimaita. Wasu ta gane, wasu ta ce, "Oho, shi dai ya sani." Ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, sai dai ta riƙa amsa masa, "Na'am," "To," kamar yana ɗakin. A rana ta biyar muka zo ta ƙarshe. Muryarsa ta fito tare da ƙarar motocin Cheras daga ƙasa: "Inna, kin tuna lambobin Baba? To Bature ma ya rasa yadda zai yi na'urarsa ta gane wanda ya dawo, sai ya yi dabarar Baba. Ya sa mata suna biskit. Dalilin biskit ɗin na bincika ban samu tabbas ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma aikin, Inna, aikin Baba ne: a ba mutum lamba, a tsare masa amanarsa, in ya dawo a miƙa masa."

Da muryar ta ƙare, Inna ta ɗago kai. Sannan ta ce a miƙo mata walat ɗin. Ta zaro 'yar lambar gwangwanin, fentinta duk ya goge, ta juya ta a tafin hannu, ta ce, "Ja'iri. Ashe duk shekarun nan gadin kekuna ya tafi yi Malesiya." Ta yi dariya, sai kuma hawayen da ta riƙe wata huɗu suka zubo. Ranar rabon gado ta ce a fara cire mata lambar nan a kasonta kafin a taɓa komai, kuma ba wanda ya yi musu.

In na auna abin da ya rage na Abban Safiyya, littafin ya tafi, ɗalibansa sun watsu a duniya, ofishinsa wani ne a ciki. Abin da ya tsaya shi ne abin da ya yi don tsohuwa guda ta daina jin kunya a gaban maƙwabta. Inna tana nan da ranta, ido ya yi rauni amma kunne garau. Da muka je sallama za mu taho, ta kwance bakin zaninta ta ciro lamba sha bakwai ta danƙa wa Safiyya, ta ce ta riƙe, kuma ta dawo mata da ita da hannunta. Muna zaune wata baƙuwa ta shigo, ta ji ana zancen marigayi dakta, ta tambaya daktan mene ne. Inna ba ta yi shiru ba. Ta gyara zama ta ce, "Aikin ubansa ya gada. Sai dai shi kekunan duniya yake gadi."